Tumunina a Kowane Noti

Shekara goma sha biyu ke nan da Allah ya karɓi ran maigidana, Usta Garba Mai Wanet. Sunan nan ɗiyata Hauwa ce ta sa shi da kanta, don ni ban taɓa kama shi da bakina ba yana raye, ba kuwa zan fara yanzu da yake kwance a maƙabartar Baƙi'a ba. Ni ke faɗa, ita ke rubutawa, na kuma gargaɗe ta kada ta gyara mini magana.

Ranar da zan ba ku labarinta wata Juma'a ce cikin watan jiya, bayan la'asar, a tsakar gidanmu da ke Ƙuba, a garin Manzon Allah. Ga waɗanda ke wurin. Ni. Ɗan farina, da muke ce wa Babba. Hauwa. Ƙanen marigayi, Malam Sale, wanda ƙafa ta gaza masa amma baki bai gaza ba. Sai baƙon da Babba ya kawo, wani Balarabe mai tara tsofaffin motoci, ana kiransa Abu Nayif. Ta ƙarshe ita ce wadda aka taru dominta, wanet ɗin Usta, wato ƙaramar motar kaya mai buɗaɗɗen baya, tana tsaye gindin dabino inda mai ita ya kashe ta kafin ciwo ya kwantar da shi.

Abin da ya tara mu ba mai tsawo ba ne. Abu Nayif na son ya sayi motar, ya gyara ta tas, ya riƙa kai ta wuraren da ake baje kolin kayan da. Babba ya yarda. Sai dai akwai sharaɗi: za a ciro injin da ke cikinta a sa wani. Ni kuwa na ce ba a isa ba. Na san abin da ake faɗa a dangi, wai tsohuwa ta rikice, ta tare wa 'ya'yanta hanya saboda tarin ƙarfe. To ga tawa, kowa ya ji, tunda waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

Ta bayan katanga na fara sanin inji. Lokacin da aka yi aurenmu Ƙuba gonakin dabino ce, gidaje jefi-jefi, motar da za ta wuce ta ƙofarmu a yini ba ta da yawa. Usta na kwasar dabino daga gonaki zuwa kasuwa, lokacin aikin hajji kuma ya ɗauki kayan alhazai zuwa Makka. Wasu matan takun mazajensu suke ganewa, ni kukan motarsa nake ganewa. Tun tana nesa zan ɗora ruwan shayi. Ran nan ya ce mini yaya ake yi kullum yana shigowa shayi na tafasa, na ce ai tun kana kwanar masallaci nake jin ka. Bai yarda ba. Ya zaunar da ni kusa da ƙofa, duk motar da ta wuce ya ce in faɗi ta wa ce. Na faɗi ta mai burodi, na faɗi ta mai kankara, na kuskure a ta wani baƙo. Daga ranar ya ɗauke ni almajirarsa, ko da yake bai taɓa cewa haka gaban mutane ba.

Karatunsa guda ne, kullum shi yake maimaitawa. Kada ki dubi fenti, kada ki dubi tambarin da ke hancin mota. Gangar jiki riga ce, kowa na iya arowa. Buɗe ki ƙirga filogi. Filogi su ne ƙusoshin nan masu farin wuya da ke ba inji wuta, yawansu shi ne yawan tukwanen da ke cikinsa. Bayan kin ƙirga, ki duba inda suke zaune.

In kin ga huɗu, ga kuma rami a gaban motar inda ake zura ƙarfe a murɗa kafin ta tashi, wannan tsohon hannu ne, Usta na ce masa mai karya hannu. Wanda ya naɗe babban yatsansa a ƙarfen, in injin ya yi tutsu ya dawo da baya, sai mai ɗori. In kin ga takwas, huɗu dama huɗu hagu sun buɗe kamar yatsu biyu, kan injin a shimfiɗe, filogin na tsaye a sama kamar an jera su a faifai, wannan shi ne mai kan faifai, na motocin Amurka. Kukansa kamar lugude, mata huɗu a turmi ɗaya. In kuwa shida ne a jere, injin dogo, samansa an kife shi da murfi mai tudu, filogin sun koma gefe, shi ne shida mai hula. Ba ya hayaniya, sai wani ɗan ƙyas-ƙyas daga ƙarƙashin hular kamar keken ɗinki. Akwai 'yar kunkurun Jamus, wadda in kin buɗe gabanta ba za ki ga komai ba sai taya, injin na can gindi, ba lagireto, iska ke fifita shi. Ita Usta ke ce wa mai azumi, don ba ta shan ruwa. In kuma kin duba ba filogi ko ɗaya, kukan kamar ana fasa dutse, dizal yake sha, ki matsa gefe kada ya turnuƙe miki tufafi.

Wanet ɗinmu da mai kan faifai ta zo duniya. Da shi Usta ya saye ta, tsohuwa, a hannun wani mai gona. Injin nan akwai ƙarfi, amma yana da mugun hali ɗaya: hayaƙinsa ta cikin cikinsa yake ratsawa kafin ya fita, sai ya riƙa dafa ruwan da ya kamata ya sanyaya shi. Wataƙila a ƙasar da aka ƙera shi wannan ba wani abu ba ne. A tsohuwar hanyar Makka, wadda ke bi ta Badar, tsakiyar bazara, abu ne. Usta ya sha tsayawa ya juye masa ruwan shansu, ya bar kansa da ƙishi. Wata shekara injin ya tafasa ya tsage, ruwa ya gauraya da mai. Lori ce ta jawo motar da igiya har gida, shi yana ciki, leɓensa ya farfashe, kayan mutane a baya.

Ba a samu irinsa ba. Abin da aka samu shida mai hula ne, a jikin wata matacciyar lori a tashlih, inda ake yanka motocin da suka mutu a sayar da sassansu. Duk wanda ya ji ya ce ba zai shiga ba, ya fi ramin tsawo, ƙafafunsa ba su dace ba, bakinsa da na giya ba su san juna ba. Malam Sale ɗin nan da kansa ya ce wa yayansa yana neman ya dasa wa jaki zuciyar raƙumi. Usta ya kafa itace uku a tsakar gida ya rataya sarƙa. Ya tura lagireto gaba. Ya yanka kwali daidai siffar ƙafafun da yake so, ya kai wa maƙeri ya buga masa su da ƙarfe, na farko bai yi ba, aka sake. Farantin da ya haɗa injin da giya shi ya zauna ya goge shi da magagari har tafinsa ya yi bororo. Ni ke wanke noti da ƙusoshi a tasar kananzir, ina ɗauke da cikin Babba, warin na tayar mini da zuciya, in je in yi amai in dawo in ci gaba. Ranar da injin ya tashi Usta bai yi murna irin ta mutane ba. Ya tsaya ya karkata kai yana sauraro, can ya ce mini, “Kin ji? Ya yarda da gidan.”

Daga nan har tsufansa injin nan bai sake barinsa a hanya ba. Shi ya kai ni asibiti haihuwar Hauwa. Shi ya ciyar da mu, shi ya yi wa Babba karatun da yau yake zaune a ofis mai sanyi. Ban faɗi haka don gori ba, ɗa ba a yi masa gorin abin da yake haƙƙinsa. Na faɗa ne don a san abin da ake cewa a ciro.

Nakan zauna in ce da Usta zai leƙo yau, me zai ce? Hanyar da ya kwana biyu a kanta yana lallashin lagireto, yanzu jirgin ƙasa na cinye ta kafin shayi ya huce. Ina jin wannan zai yi hamdala, don bai taɓa son wahala domin wahala ba. Hauwa na tuƙa motarta zuwa aiki, wannan kuwa dariya zai yi ya ce gado ya bi ta inda ba a zata ba. Abin da zai ɓata masa rai shi ne in ya buɗe gaban motar tata. Na sa ta buɗe mini na gani. Baƙin murfin roba ne ya rufe komai, ba filogi, ba waya, kamar an yi wa injin lulluɓi. In ta yi ciwo ba a sauraronta, na'ura ake jona mata ta faɗi abin da ke damunta. Wasu motocin ma yanzu ba su da murya sam, sai dai ka gan su a bayanka kamar ɓarawo. Mutumin da ya rayu da kunnensa, me zai yi a garin da motoci suka yi shiru? Kuma ina jin zai fi mamakin ganin motocin da ake zubarwa a zamaninsa sun zama abin ado, ana goge su da auduga, mutane na tsayawa ɗaukar hoto. Da tsohuwar zuma ake magani, haka ne, amma su waɗannan ba magani suke yi da ita ba, kallonta suke yi a kwalba.

Mu koma ranar Juma'a. Abu Nayif mutum ne mai ladabi, ba zan ci zalinsa ba. Ya gaishe ni da kyau, ya yi wa marigayi addu'a. Ya kuma san abin da ya zo nema. Tun kafin ya taɓa motar ya faɗi irinta da zamaninta, daga siffar hancinta da yadda gilashin gaba yake. Da Babba ya ɗaga murfin, baƙon ya leƙa, bai ɗau lokaci ba ya ɗago.

“Ya Hajja, wannan makina ba asli ba ce,” in ji shi da Larabci. “Takwas ya kamata in gani. Wannan shida ce, ta lori, ba ma gidansu ɗaya da motar ba.”

Na ce masa gaskiya ya faɗa. Ya sake sunkuyawa ya shafa ƙafafun da maƙeri ya buga, ya ce wanda ya yi wannan aikin usta ne na gaske, wato gwani a sana'arsa. Har na fara jin sanyi a raina. Sai ya ɗora da cewa yana da mai kan faifai guda a ajiye, ya daɗe yana nema masa gangar jiki. Masu wannan harka, in ji shi, ba sa kallon mota sai komai nata asli ne. Zai mayar da ita yadda ta fito daga masana'anta, kuma duk inda aka kai ta zai sa allo a gabanta da sunan marigayi. Shida mai hula kuwa, in muna so mu riƙe, in ba ma so tashlih na nan.

Kalmar nan asli ita ta tsaya mini a rai. Na san shi ƙarfe yake nufi, ba mutum ba. Amma ni tun ina yarinya nake jin ta. A layin burodi, a gidan biki, a ɗakin jiran likita, sai wata ta dube ni ta ce, asalinki ina? A garin nan aka yanke mini cibi, a nan aka yanke wa mahaifina. Kakana da ƙafa ya taso daga ƙasar Hausa, ya yi shekaru a hanya, ya zo ya zauna maƙwabtaka da Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya yi dako, ya yi ban ruwa a gonakin nan, ya mutu a nan. Ban taɓa jin kunyar inda muka fito ba, Hausar da nake yi muku ita ce shaida. Sai dai na daɗe da sanin cewa akwai masu auna abu da inda aka ƙera shi, akwai masu auna shi da inda ya yi aiki. Injin da ya shekara da shekaru yana hawa da sauka tsakanin Harami biyu a cikin wannan motar, wa zai ce masa baƙo ne a cikinta?

Ban yi wa baƙon wannan dogon bayani ba. Na ce masa kawai, motar da zai sa wa sunan Usta bayan ya cire aikin Usta daga cikinta, allon nan nasa ƙarya zai faɗa.

Babba ya matso. Yana jin Hausa sarai, amma in ransa ya ɓaci Larabci ke rinjayarsa, sai ya riƙa haɗawa. “Ya Ummi, halas, ya isa haka mana. Dubi tayoyin, sun zama ƙasa. Kyanwa ke haihuwa a kujerar Baba. Nan da 'yan shekaru tsatsa za ta gama da ita, ba injin ba motar. Wannan mutumin raya ta zai yi. Wallahi haramun ne mu bar ta ta ruɓe muna kallo.”

Gaskiya ɗaci gare ta, kuma abin da ya faɗa gaskiya ne. Ni ma ina da ido. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Sai na tuna ba a taɓa raba motar nan ba, lokacin rabon gado kowa ya kau da kai daga gare ta don kunya. Na ce to ni matar mamaci ce, ina da tumuni, kashi ɗaya cikin takwas, kuma na zaɓa: tumunina shi ne injin.

“Tayyib,” in ji Babba. “Ki riƙe injin, mu ajiye miki shi a kan katako, a tafi da sauran.”

Kafin in ba shi amsa Malam Sale ya buga sandarsa a ƙasa. Shi dama ba ya jin an taɓa fiƙihu ya yi shiru. “A'a, Yaya, ba haka shari'a ta ce ba. Ai tumuni ba nama ba ne da za ki nuna cinya ki ce ita kike so. Muddin ba a raba ba, rabonki na cikin kowane noti, kowace ƙusa, har madubin nan da ya fashe.”

Na ce, “Allah ya ƙara sani, Malam. A kowane noti ka ce?”

“A kowane noti.”

“To ban sayar ba. Duk notin da za a kwance, sai an nemi izinina, ni kuma ban bayar ba.”

Malam Sale ya fashe da dariya har da tari, ya ce shi da ya zo taya ɗan ɗan'uwansa yaƙi ga shi ya miƙa wa abokiyar gaba takobi. Hauwa ta ce nata rabon ma ta jingina shi da nawa. Aka fassara wa Abu Nayif. Ya yi murmushi, ya sauke murfin motar a hankali da hannu biyu, ya ce Allah ya ja kwanan Hajja, in na sake shawara Babba ya san inda yake.

Babba ya raka shi, bai dawo ba. Abincin da na dafa masa haka aka mayar da shi. Wannan ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba, ɗan fari ɗan fari ne ko ya yi furfura. Na kuma san halinsa, halin ubansa ne: ba ya jayayya sau biyu, sai dai ka wayi gari ka ga aiki ya kammala. Yana iya turo motar da ke jan motoci wata rana ina Harami, yana ganin alheri ya yi mini, ya zo daga baya ya sumbaci kaina ya ba ni haƙuri.

Me ya rage na Usta bayan shekara goma sha biyu? Warsharsa, rumfar da yake gyaran motoci, ta zama shagon sayar da waya. Abokan aikinsa sun bi shi ɗaya bayan ɗaya. Jikokinsa sun san hotonsa, ba su san muryarsa ba. Bai bar gini da sunansa ba, bai bar littafi ba. Abin da ya bari shi ne shaidar cewa an ce masa abu ba zai shiga ba, ya zauna da kwali da magagari har ya shiga, ya kuma ci da iyali da shi cikin halal. Shaidar nan tana ɗaure da ƙafafu huɗu na ƙarfe a cikin wanet. In tsatsa ta cinye ta, Allah ne ya karɓi abinsa, kamar yadda ya karɓi mai ita, ba ni da ta cewa. Amma a ciro ta da hannu, a goge motar ta yi ƙyalli, a nuna wa duniya kamar Usta bai taɓa zura hannu a cikinta ba, wannan ba da yawuna ba.

Washegarin Juma'ar nan da na idar da sallar asuba na jira rana ta ɗaga, na sa mayafina na fita. Gidan nan rabona ne daga mahaifina, ba wanda zan nemi izininsa a kan katangarsa. Akwai wani magini mutumin Tawa da ke aiki a bayan layinmu, na kira shi ya zo da bulo da siminti. Na nuna masa babbar ƙofar tsakar gida, na ce a cire ƙyauren ƙarfen a toshe, a bar ƙaramar ƙofa. Ya dubi ƙofar, ya dubi wanet, ya sosa ƙeya.

“Hajiya, in munka yi haka, motar ga ba ta hita.”

Na ce ai shi ya sa na kira ka. Ya ciro awonsa ya tambaye ni faɗin da zai bari. Na ce masa ya bar daidai inda makara za ta wuce da mutum biyu a gefenta. Sannan na jawo kujera na zauna a inuwa ina kallonsa, don na san magini in ba a tsare shi ba sai ya rage siminti.